Cigiyar Harsashin .41 a Duwatsun Idaho

Idan kaka ta shigo jihar Idaho, makiyaya sukan fara sauko da shanunsu daga kan duwatsu tun kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya. A irin wannan lokaci ne surukin ƙanena, wato mahaifin matarsa, yake barin birnin Boise ya nufi kwarin Lemhi don ya taya 'yar'uwarsa tattara garke. Dattijo ne Bature da ya haura shekara saba'in. A kiwon shanu ya yi ƙuruciyarsa, ciwon gwiwa ne ya dawo da shi birni. Mu duka Baba muke ce masa, har sunan ya bi shi. Da ya ji na zo ziyara, sai ya ce in shirya mu tafi tare, in an gama aikin shanu mu zarce Lewiston wajen ɗansa. Tun a gida ya faɗa mini cewa tafiyar za ta yi tsaye-tsaye, domin ba zai wuce shagon bindiga ko ɗaya bai leƙa ba. Harsashi yake nema.

Wanda ya san Amurka a labari zai yi mamakin wannan. A Idaho, kantin da ke sayar da ƙugiyar kamun kifi da takalmin ruwa shi ne yake sayar da harsashi, ba a tambayar babba komai sai shaidar shekarunsa. To me zai sa mutum ya yi ɗaruruwan kilomita yana cigiya? Amsar tana cikin wani akwatin katako da Baba ya kulle a ƙarƙashin kujerar a-kori-kurarsa. Libarba ce ƙirar Smith & Wesson, samfurin da ake kira Model 57, mai cin harsashi shida, wadda ya saya sabuwa a shekarun 1970. Baƙin ƙarfenta ya koɗe a inda take gogar kube, mariƙinta na katako ya yi sulɓi saboda yawan riƙo. Harsashinta shi ne .41 Magnum, kuma a duk abin da ke kan kanta babu wanda za ta karɓa sai shi. Ni dai kallo ne nawa daga farkon tafiya har ƙarshenta, domin dokar tarayya ta hana baƙon da ya shigo da bizar ziyara riƙe bindiga ko harsashi, sai in yana da lasin farauta ko wani izini irinsa. Baba ya san dokar, bai kuma taɓa miƙo mini ko kwali ba.

Mun fara da wani babban shago a gefen Boise. Ban taɓa ganin harsashi mai yawan haka ba. Na 9mm an jibge shi a ƙasa kwali kan kwali har ya kai ƙugun mutum, na ƙaramar bindigar .22 a bokiti ake sayar da shi, na doguwar bindiga .223 ya ci layi guda. Muka bi ta sashen libarba, .38 da .357 suna nan da yawa, .44 ma akwai iri-iri. A tsakaninsu ne muka ga wani ɗan gurbi da bai wuce tafin hannu biyu ba, an liƙa masa takardar .41, kwali biyu ne kawai a ciki, kowanne mai guda 20. Baba ya ɗaga ɗaya ya dubi farashi ya mayar. Kowane harsashi ya tashi kusan dala 2. Kwalin 9mm mai guda 50 kuwa bai kai dala 20 ba. Wato kuɗin da zai ba saurayi mai fistol damar harbi biyar ko shida, shi ne zai ba Baba harbi ɗaya.

Kuma ba irin wanda yake so ba ne. Waɗancan na farauta ne, masu kan jan ƙarfe, da aka tsara don babbar dabba. Shi kuwa na gwaji yake nema, mai kan dalma zalla, mai sauƙin kuɗi, wanda zai harba a fili don hannunsa kada ya manta. A mota ya ce mini, "Ɗana, wanda ba ya gwaji da libarba, ranar da ya buƙace ta hannunsa ne zai ci amanarsa." Wannan magana ce ta fara nuna mini cewa tsadar tana da illar da ta wuce aljihu. Mutumin da harbi ɗaya ke ci masa dala 2 zai rage gwaji, ya ci gaba da yawo da makamin da ƙwarewarsa a kai take raguwa kowace shekara. Wannan hatsari ne gare shi da dokinsa da duk wanda ke kusa.

Daga Boise muka ɗauki hanya ta 21, wadda ke hawa ta Idaho City da Lowman cikin dajin itatuwan fir da fayin, wasu tuddan duk baƙaƙen kututture saboda gobarar daji ta shekarun baya. Da yamma muka sauko Stanley, ƙauyen da mazaunansa na dindindin ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, duwatsun Sawtooth sun tsaya a bayansa da kawunansu masu tsini. Ana lissafa garin cikin wurare mafiya sanyi a Amurka in aka cire Alaska, kuma ko a watan Satumba sai da muka kankare ƙanƙara daga gilashin mota da safe. Daga nan hanya ta 75 take bin kogin Salmon har Challis.

A wani ƙaramin gari da ke kan wannan hanya ne na sami bayanin da ya fi gamsar da ni, daga bakin wata mata mai kantin kayan gona da na farauta. Ta san Baba tun da daɗewa. Da ya ambaci .41 sai ta girgiza kai tun kafin ya rufe baki. Ta ce masu tambayarta wannan harsashi a shekara ba su fi ta ƙirga su da yatsu ba, kuma ta san kowannensu da motarsa. In ta sa oda wajen dillali, galibi amsar ita ce babu, a jira. In kuma ta samu ta ajiye, kuɗinta na iya kwana a kan kanta shekara guda yana shan ƙura, alhali da ta zuba su a 9mm da sun juya sau da yawa. "Baba, ba ƙin ka nake yi ba," in ji ta, "kantin ne ƙarami."

Abin da ta faɗa game da kantinta shi ne yake faruwa a masana'anta. Injin da ke haɗa harsashi yana fitar da dubbai a sa'a guda, amma iri ɗaya yake yi a lokaci ɗaya. Kafin a juya shi zuwa wani iri sai an tsayar da shi, a kwance kayan aikin da ke matse kwanso da wanda ke zaunar da kan harsashi, a ɗaura wasu, a daidaita awon albarushi, a gwada, sannan a ci gaba. Duk sa'ar da injin ya yi a tsaye asara ce. Saboda haka harsashin da 'yan sanda da sojoji da miliyoyin masu fistol ke saye ba a ɗaga masa ƙafa, irin su .41 kuwa sai a ware musu 'yan kwanaki, wani lokaci sau ɗaya a shekara, a buga abin da ake ganin zai isa, a rarraba wa dillalai, a koma kan mai kasuwa. Masu .41 sun san haka, don haka da zarar ya sauka sai su kwashe, mai hali ya sayi na shekara biyu. Wanda ya makara sai ya jira baɗi. Duk wanda ya taɓa shiga Ƙofar Ruwa a Kano neman kayan gyaran motar da ba kowa ke hawanta ba, ya ga mai Corolla ya sami nasa a rumfar farko shi kuma ana ce masa ya dawo mako mai zuwa, ya san wannan hali.

Akwai harajin tarayya na kashi 11 cikin ɗari a kan harsashi, ƙarƙashin dokar Pittman-Robertson ta 1937, wanda ake kashewa wajen kula da namun daji. Wasu masu saye sukan ɗora masa laifin tsada. Ban yarda da su ba, domin harajin nan yana kan 9mm kamar yadda yake kan .41. Ƙarancin masu saye ne ya raba farashinsu.

Garin Salmon yana da mutum wajen 3,000, kuma a nan labarin .41 ya samo asali. A nan Elmer Keith ya zauna, makiyayi kuma jagoran mafarauta wanda ya zama ɗaya daga cikin fitattun marubuta kan bindiga a Amurka. An haife shi a 1899, ya rasu a Boise a 1984. Tsofaffin garin har yanzu suna tuna shi da faffaɗar hularsa da sigarin da ba ya rabuwa da bakinsa. Baba ya ce yana saurayi ya sha ganinsa a titi, bai dai taɓa samun ƙarfin halin yi masa magana ba. Gwaje-gwajen Keith suna cikin abin da ya haifar da .357 Magnum a 1935, kuma shi ne ya matsa wa kamfanoni har aka fitar da .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950. Bayan haka shi da Bill Jordan, jami'in tsaron iyakar Amurka, da wani marubucin mai suna Skeeter Skelton, suka ga akwai gurbi tsakanin biyun. A ganinsu .38 da 'yan sanda ke riƙewa ya yi rauni, .44 kuma ya yi wa yawancin mutane ƙarfi. Suka nemi na tsakiya. A 1964 kamfanin Remington ya fitar da harsashin, Smith & Wesson ya fitar da bindigar.

Abin da Keith ya nema wa 'yan sanda shi ne harsashi mai nauyi amma mai matsakaicin gudu, wajen mita 275 a daƙiƙa. Wanda aka fitar musu, mai nauyin giram 13 da rabi, ya kusa mita 350 a daƙiƙa, na farauta kuwa ya zarce haka nesa. An yi wa 'yan sanda samfuri na musamman, Model 58, wanda nauyinsa ya haura kilo guda. Biranen San Antonio da San Francisco suna cikin 'yan kaɗan da suka karɓa. Jami'in da ya saba da .38 sai ya ji sabuwar tana dukan hannu, ga nauyi a ƙugu yini guda. Yawancin rundunoni suka ƙi ta. An ƙera Model 58 kusan guda 20,000 kawai, aka daina a 1977. Ta ɓangaren farar hula kuma, a 1971 fim ɗin Dirty Harry ya fito, Clint Eastwood yana riƙe da .44 Magnum, jama'a suka yi ca a kanta har ta yi wuyar samu a shaguna. Daga shekarun 1980 'yan sanda suka bar libarba gaba ɗaya suka koma fistol mai cin harsashi da yawa. Kasuwar da aka ƙirƙiri .41 dominta ta watse tun bai yi ƙarfi ba.

Akwai wani dalili kuma da Baba ya fi jin zafinsa. Mai libarbar .357 yana iya sa mata .38 Special, wanda yake da araha kuma yana ko'ina. Mai .44 Magnum yana iya sa .44 Special. Ita .41 ba a yi mata ƙaramin harsashi irin wannan da manyan kamfanoni ke bugawa ba. Wasu masu sha'awa sun gajarta kwanso sun yi nasu, amma ba abin da za ka shiga kanti ka tarar ba ne. Ga shi kuma bambancinta da .44 bai taka kara ya karya ba: faɗin kan .41 milimita 10.4 ne, na .44 kuwa 10.9. Mai sayen sabuwar bindiga yana duba wannan rabin milimita, ya duba kanta, ya ɗauki wadda zai sami abincinta.

Duk da haka ban ji wanda ya riƙe ta yana kushe ta ba. Masu ita sun ce tana tafiya miƙe, ba ta dukan hannu kamar .44, kuma tana kayar da barewa ko beyar baƙi ba tare da gardama ba. Ruger ma ya daɗe yana yin ta a samfurinsa na Blackhawk. A wajen garin Salmon akwai wani ƙaramin kamfani, Buffalo Bore, da ke haɗa harsasai masu nauyi don masu shiga dajin beyar, har da na .41. Aikinsu na musamman ne, kaɗan-kaɗan ake yi, farashinsa kuma ya dace da hakan. Baba ya sayi kwali ɗaya a wani shago a garin don ɗaukar daji, amma na gwajin da yake nema bai samu ba.

Gonar 'yar'uwarsa tana kudu da gari, a kwarin da aka haifi Sacajawea, matar ƙabilar Shoshone da ta raka ayarin Lewis da Clark suka ratso nan a 1805. Yamma da kogin Salmon kuwa dajin Frank Church ne, eka sama da miliyan 2 da babu titin mota a ciki, inda gwamnati ta sake sakin kyarketai a 1995 bayan an daɗe da ƙarar da su. Da asuba mahaya suka hau, ni aka bar ni a mota tare da mai kai musu abinci, muna bin su ta hanyar burji. Na ga Baba ya ɗaura kuben a ƙugu kafin a taimaka masa ya hau doki. Da dare na tambaye shi ko don kyarkeci yake ɗaukarta. Ya ce a'a, kyarkeci ba ya tsayawa mutum ya gan shi. A shekara hamsin, abin da ya fi yi da ita shi ne sauƙaƙa wa saniyar da ta karye a cikin kwazazzabo, nesa da mota da likitan dabbobi, sai kuma harbi sama don korar beyar daga gawar maraƙi. Doguwar bindiga tana damun mahayi a cikin sarƙaƙiya, libarba kuwa tana gefensa hannuwansa biyu suna kan aiki.

Ba zan ɓoye ba, na yi wannan tafiya da nauyi a zuciya. Na fito daga ƙasar da ƙarar bindiga a daji take nufin an tashi wani ƙauye a Zamfara ko Katsina, an kora shanu, an bar marayu. Tarin harsashin da na gani a Boise bai burge ni ba, tsoro ya ba ni. Amurkawa ma suna biyan farashinsa: a 2021 bindiga ta kashe mutum sama da 48,000 a ƙasar, fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu, kuma jihohin duwatsu irin su Idaho da Montana suna cikin waɗanda wannan musiba ta fi yawa. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda kasuwar ta karkata. Harsashin da ake ɗura wa fistol guda goma sha biyar ko fiye, shi ne mai araha da ake tallarsa a bakin ƙofa. Wanda dattijo ke buƙata guda shida don aikin kiwo, shi ne ya zama na cigiya. Ko masu shiga dajin beyar yanzu da yawansu sun koma fistol mai harsashin 10mm, wanda ya fito a 1983, don ya fi samuwa.

Da aka gama aikin shanu muka bi hanya ta 93 arewa, muka haye mashigin Lost Trail mai tsayin sama da mita 2,100, muka gangara kwarin Bitterroot a jihar Montana. Kusa da Hamilton Baba yana da aboki tun na ƙuruciya, tsohon makaniken injinan katako, shi ma mai .41 ne. Wannan bawan Allah ya ce rabonsa da sayen harsashin kanti tun kafin a haifi jikokinsa. Ya kai mu wani ɗaki a bayan garejinsa. Tebur ne mai kauri, an ɗaure masa wani ƙarfen matsi mai hannu, ga ƙaramin sikeli, ga littattafan awo da suka sha hannu, ga gwangwanaye cike da kwanson tagulla, kowanne da takardar da ke nuna sau nawa aka yi amfani da shi.

A nan na fahimci cewa harsashi abu huɗu ne: kwanso, da albarushi, da kan dalma, da wata 'yar hular ƙarfe a gindin kwanso da ake kira firama, wadda in aka doke ta take tayar da wuta. Kwanso ne ya fi tsada a cikinsu, kuma shi ne ba ya ƙarewa da harbi ɗaya. A nan libarba ta fi fistol, domin ba ta watsar da kwanso a ciyawa, yana nan a cikinta sai ka zazzage shi a tafin hannu. Mai haɗa nasa zai iya sake cika kwanso ɗaya sau da dama kafin bakinsa ya tsage. Sabon kwanson .41 kuwa abokin Baba yakan saye shi daga kamfanin Starline da ke Sedalia a jihar Missouri, wanda ya yi suna wajen yi wa harsasan da manyan kamfanoni suka yi watsi da su kwanso. Kan dalma shi yake narkawa ya zuba da kansa. A da wajen masu facin taya yake samun dalmar, daga 'yan ƙarafan da ake maƙala wa ƙafar mota don daidaita ta, amma yanzu yawancinsu an koma yin su da tutiya ko baƙin ƙarfe. Ya ce in ya lissafa, harbi ɗaya ba ya kai masa rubu'in kuɗin kanti.

Na tambaye shi, "To Malam, ai ke nan matsalar ta ƙare?" Ya yi shiru, sannan ya buɗe wata durowa ya nuna mini ƙananan fakitin firama. Ya ce wannan ce kaɗai ba mai iya yin ta a gida, kuma ita ce ta ɓace a 2020. A shekarar nan annobar korona da zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd da zaɓen shugaban ƙasa suka haɗu, Amurkawa suka ruga sayen bindiga. Hukumar FBI ta yi binciken tantancewa kusan miliyan 40, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, ƙungiyar masana'antun bindiga kuma ta ƙiyasta cewa mutum sama da miliyan 8 sun sayi ta farko a rayuwarsu. Kowannensu yana son kwali ɗaya ko biyu. A daidai lokacin Remington ya durƙushe karo na biyu cikin shekara uku, masana'antarsa ta Lonoke a jihar Arkansas ta kusa tsayawa. Sauran kamfanonin suka mayar da hankali kan 9mm da .223, suka riƙe firamar da suke yi don amfanin kansu. Fakitin guda 1,000 da ake saye wajen dala 30 ya yi tashin gwauron zabi har ya haura 100, in ma an gan shi. An taɓa shiga irin wannan ƙunci a 2009 da 2013. Harsashin 9mm ya dawo kanta kafin sauran, na .41 kuwa yana cikin na ƙarshe.

Baba bai taɓa koyon wannan sana'a ba, kuma yanzu idonsa ba zai iya karanta sikelin ba. Aiki ne da kuskuren ɗan awo kaɗan ke iya fasa bindiga a hannun mutum, shi ya sa abokin nasa ba ya sayar wa kowa, doka ma ta hana sayarwa ba lasin. Sai dai sun daɗe da yarjejeniya: Baba yana tara kwansonsa a safa ya kawo, su zauna tare a teburin, ɗaya yana awo ɗaya yana jerawa. Suka kwana biyu suna wannan aiki suna hirar mutanen da suka rasu. Na lura dukansu biyu sun haura saba'in, kuma babu wani matashi a ɗakin.

Daga Lolo muka juya yamma a hanya ta 12, muka sake shiga Idaho, muka bi kogin Lochsa. Akwai allo a bakin hanyar da ke gargaɗin cewa mil 99 na gaba duk kwana-kwana ne, kuma gaskiya ya faɗa. Babu gari, babu sabis na waya, sai ruwa da itatuwan sida. Muka wuce Kooskia da Orofino cikin ƙasar ƙabilar Nez Perce, iska tana ƙara ɗumi muna gangarawa.

Lewiston ne wuri mafi ƙasa a duk jihar, inda kogin Clearwater ya haɗu da Snake, jiragen ruwan dakon alkama suna tashi daga nan su nufi gaɓar tekun Pasifik. Warin masana'antar takarda ne yake fara tarbar baƙo. A kudancin garin, kusa da kogi, masana'antun CCI da Speer suke. 'Yan'uwa biyu ne suka kafa su. Vernon Speer ya fara yin kan harsashi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da jan ƙarfe ya yi wuya saboda yaƙi, sai ya riƙa tattara kwanson .22 da aka riga aka harba yana mayar da shi rigar sabon harsashi. Ƙanensa Dick ya kafa CCI a 1951, kuma da firama ya yi suna, don masu haɗa nasu a gida irin mutumin Hamilton. Wato dukkan kamfanonin biyu daga ƙarancin kaya suka taso, kuma ƙananan masu saye ne suka raine su. Yau CCI yana fitar da miliyoyin harsashin .22 a kullum, Speer kuma yana yi wa rundunonin 'yan sanda da yawa harsashin aiki.

Muka zaga shagunan garin tare da ɗan Baba. Ko a nan, inda ake jin ƙarar gwajin masana'anta daga titi, gurbin .41 bai fi na Boise faɗi ba. A wani shagon jingina ne aka fito masa da wani tsohon kwali mai guda 50, mai kan dalma, irin wanda ya fito nema, daga kayan wani mamaci da magadansa suka kawo. Kwalin ya yi laushi, farashin da aka liƙa masa tun asali yana nan a gefe, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka nema ba. Baba ya biya bai yi ciniki ba. Ɗansa ya ce masa, "Baba, ka sayar da ita mana ka sayi .357, ka huta da wannan yawo." Ya amsa cewa hannunsa ya san nauyin wannan, kuma ba a shekara saba'in ake koya wa hannu sabon abu ba.

Ina ganin ɗan yana da gaskiya ta fuskar lissafi, amma ina bayan uban. Bindigar nan an ƙera ta ne don ta daɗe tana aiki. Masana'antar da ta ci ribar sayar da irinta ga dubban mutane bai kamata ta bar harsashinta sai an ga dama ba. Kwali mai sauƙin kuɗi na gwaji, a buga shi a kan lokaci sananne kowace shekara, ba zai karya kowane kamfani ba, zai kuma sa masu ita su ci gaba da ƙwarewa a kan abin da suke ɗauka.

Sai dai masu yanke wannan shawara suna ƙara nisa da Lemhi. A zamanin Keith, makiyayi daga Salmon yana iya rubuta wa shugabannin kamfani wasiƙa har a ƙirƙiri sabon harsashi. A 2020 kamfanin Vista Outdoor, wanda dama yake da Federal da CCI da Speer, ya sayi sashen harsashi na Remington a gwanjon kotu kan dala miliyan 81 da 'yan kai. Da haka uku daga cikin manyan masu yin firama huɗu na Amurka suka koma hannu ɗaya, Winchester kaɗai ya rage a waje. A watan Nuwamban 2024 kuma aka sayar da su gaba ɗaya, kan sama da dala biliyan 2, ga Czechoslovak Group, kamfanin makamai mai hedikwata a birnin Prag na Jamhuriyar Cek.